Neman aikin haɗa sauti da kayan lantarki a mota: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne kullum daga masu son shiga wannan sana'a, shi ya sa na tara su wuri guda. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma na ja su da tsawo don a nan ne ake samun aiki ko a rasa shi.

Wai shi aikin ba sa rediyo ba ne kawai?

Sa rediyo na ciki, amma shi ne mafi sauƙi a cikinsu. A wuni ɗaya za ka iya cire rediyon da kamfani ya sa ka maye gurbinta da mai allo mai Android Auto ko Apple CarPlay, ka canza sifikun ƙofa, ka jawo wayar amfilifaya tun daga batir har cikin but, ka haɗa wufa, wato babbar sifika mai fitar da kaurin sauti, da akwatinta, sannan ga kyamarar ribas, ga kyamarar gaban gilashi mai ɗaukar hanya, ga alam, ga tiraka mai nuna inda mota take, ga makullin ƙofa na rimot, ga fitilu. Kuma lokacinka da yawa zai tafi ne wajen kwance robobin mota da mayar da su yadda suke ba tare da ka karya ko ɗaya ba, domin kwastoma bai ga jonin da ka yi a bayan dasbod ba amma zai ji ƙofa tana kaɗawa in ya hau hanya.

Meye bambancinsa da rewaya?

Rewaya yana gyara wutar da mota ta zo da ita ne, kik da altaneta da fitilu da sauransu. Kai kuma ƙari kake yi a kan abin da yake lafiya lau, shi ya sa laifinka ya fi fitowa fili, mota ta shigo tana aiki, in ta fita da matsala babu wanda za a kalla sai kai. Amma tushen ilimin ɗaya ne, kuma wanda ya taɓa zama a wajen rewaya ya riga ya yi nisa, in za ka nemi aiki ka faɗi hakan tun farko.

Sai ina da satifiket za a ɗauke ni?

Yawancin masu shago hannunka suke son gani kafin takarda. Amma in ka yi karatun lantarki a makarantar koyon sana'a yana taimakawa sosai, musamman a manyan kamfanoni masu sa tiraka a motocin haya da na ma'aikatu ko wajen dillalan mota, don su sai sun ga takarda suke kiranka intabiyu. A Amurka akwai jarrabawar da ake kira MECP wadda aka yi ta musamman don masu wannan aiki, tana da matakai har zuwa na Master, kuma manyan shagunan can suna ganin darajarta. In ba a san ta a inda kake ba kada ka damu kanka da ita, abin da take gwadawa dai shi ne abin da na kawo a amsar ilimin wuta da ke ƙasa.

Duk inda na je sai a ce sai mai gogewa, to ta ina zan samu gogewar in ba a ɗauke ni ba?

Ka daina neman kujerar gwani, ka nemi ta mataimaki. Ka je shagon da kanka a lokacin da ba su da cunkoso, ka gaishe da maigidan da ladabi ka ce masa kana son koyo kuma a shirye kake ka fara daga kwance ƙofa da jan waya da share wuri, don haka kowa ya fara. Watannin farko da wuya a bar ka ka yanke waya a motar mutane, kuma daidai ne, lokacin ne za ka ga yadda kowace mota ake buɗe ta, inda kilif yake ɓoye, inda noti yake a ƙarƙashin murfi.

Kafin nan kuma ka fara a gida. Ka samo tsohon batir mai ɗan rai, tsohuwar rediyon mota, sifika biyu, rile ɗaya (makunnin da ƙaramar wuta ke kunna shi ya saki babba) da fiyus, ka haɗa su a kan katako har su yi magana, ka kwance ka sake. Ka yi ta jonin waya har hannunka ya saba. In ɗan'uwa ko aboki ya yarda ka sa masa rediyo ko kyamarar ribas, ka yi masa aiki kamar wanda za a biya ka ninki biyu, ka ɗau hotuna kamar yadda na yi bayani a amsar hotuna. Da wannan in ka koma shagon ba hannu rabbana ka je ba.

Me ya kamata in sani a kan wuta kafin in je neman aiki?

Na farko lambobin ƙarfin wutar mota, wato bolt, da ake rubutawa V. Ƙananan motoci 12V suke amfani da shi, manyan motocin ɗaukar kaya da yawa 24V ne, in ka jona kayan 12V a kansu kai tsaye sun ƙone. Batir mai cikakken caji in mota a kashe take zai nuna wajen 12.6V a mitar auna wuta, in injin yana aiki altaneta zai ɗaga shi zuwa tsakanin 13.5V da 14.7V. In ka auna ka ga ba haka ba to motar tana da matsala tun kafin ka taɓa ta, ka nuna wa maigidanka da mai motar kafin ka fara, wannan kaɗai ya isa ya raba ka da rigima.

Na biyu lissafi, kuma ba mai wahala ba ne. Wat shi ne bolt sau amfiya. Amfilifayar da ke ba da wat 1000 na gaske, in ka haɗa da wutar da take asara ta zama zafi, za ta iya zuƙar amfiya 90 daga motar in an ƙure ta, kaga kenan dole ka tambayi kanka ko altanetan motar zai ɗauka, ba wai ka jona kawai ba. Sai lissafin om, wato ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta. Yawancin sifikun mota om 4 ne. In ka haɗa biyu fositif da fositif, negetif da negetif, sun koma om 2. In ka jera su ɗaya bayan ɗaya sun koma om 8. Kowace amfilifaya an rubuta mafi ƙarancin om da take jurewa, in ka sauka ƙasa da shi za ta yi zafi ta riƙa kashe kanta ko ta mutu gaba ɗaya. Kuma ka bar kallon babbar lambar da aka buga a kwali da manyan haruffa, lambar da aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da take iya riƙewa a kai a kai, ita ce ta aiki.

Na uku rile, don alam da tiraka da fitilu duk a kansa suke tafiya. Ƙafa ta 85 da 86 su ne masu kunna shi, 30 ita ce mashigar wuta, 87 tana samun wuta in ya kunnu, 87a kuma tana da wuta in yana kashe. Wanda ya iya zana wannan a takarda ya bayyana shi da bakinsa, wallahi ya wuce rabin masu zuwa neman aikin.

Dole in haddace kalolin waya?

Na rediyon da ake sayowa a sa, eh, don Pioneer da Kenwood da Sony da Alpine kusan duk tsari ɗaya suke bi. Ruwan ɗorawa wuta ce ta dindindin daga batir, ja tana zuwa in an murɗa makulli, baƙa ta bodi ce, wato negetif da ake ɗaurawa a ƙarfen jikin mota, shuɗiya mai ratsin fari ita ke tada amfilifaya. Sifiku kuma fara gaba hagu, ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama, mai ratsin baƙi a kowanne ita ce negetif.

Amma fa wayoyin da ke jikin motar ba sa bin wannan tsari, kowane kamfani da nasa, har shekara da shekara yana canzawa. A ɓangaren mota kala ba hujja ba ce, sai ka duba zanen wayoyin motar ka kuma auna da mita. Duba amsar motocin zamani don ka ga wayoyin da ba a taɓawa ko da wasa.

Kayan aiki nawa zan zo da su ko na shago ne?

Manya irin injin yanka katako da na huda yawanci na shago ne. Na hannu gara ka mallaki naka ko da kaɗan-kaɗan ne: mita mai lamba, filayar fere waya, filayar matse kan waya, abin like da dalma, robar nan da ake zura wa joni a hura mata zafi ta tsuke, sukundireba kala-kala har da masu bakin tauraro, ƙananan sokoti, tocila ta goshi, da robobin ɓamɓare ƙofa. Waɗannan robobin kada ka raina su, wanda ya sa sukundireba ya ɓamɓare dasbod ya bar tabon da ba ya gogewa. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi mita.

Me za a tambaye ni, ko me za a sa ni yi a ranar gwaji?

Da wuya a zaunar da kai a yi ta surutu, yawanci miƙo maka waya biyu za a yi a ce jona, ko a nuna maka mota a ce nemo min wuta ta dindindin da ta makulli. Abin da maigida yake kallo shi ne me ka fara ɗauka. In hannunka ya tafi kan mita ka tambayi zanen wayoyi, hankalinsa ya kwanta. In ka ɗau reza ka fara feran wayoyi kana gwadawa ɗaya-ɗaya, ko da ka dace ka samu daidai ya riga ya yanke hukunci a ransa, domin shi zai biya in kwakwalwar motar ta ƙone. Jonin ma za a ja shi da ƙarfi a gani, murɗa waya biyu da yatsa a naɗe da salatif ba ya wucewa a shagon kirki, zafin cikin mota yana sa salatif ya saki.

Tambayoyin baki kuma kusan sanannu ne. A ina ake sa fiyus, wannan na ba shi amsarsa daban a ƙasa. Me ke kawo ƙarar nan mai kama da fito a sifika da ke ƙaruwa in an taka totur, amsa ita ce yawanci wayar bodi ce ba ta kama da kyau ba, ko an bi da wayar sauti tare da babbar wayar wuta. Amfilifaya ta ƙi tashi me za ka fara dubawa, sai ka ce wuta a bakinta, sai bodi, sai wayar da ke tada ta, sai fiyus, a jere. Mota tana kashe batir cikin dare bayan an sa mata kaya, sai ka ce zan auna abin da take ja bayan an kulle ta komai ya yi barci, yawanci bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba, in ya wuce sai in riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har in ga wanda ya sauke shi.

Wasu za su tambaye ka maɓallin da aka rubuta GAIN a jikin amfilifaya. Kada ka ce na ƙara murya ne. Na daidaita ƙarfin abin da rediyo ke turowa ne da abin da amfilifaya za ta iya fitarwa tsaf, in aka murɗe shi ƙarshe sautin ya gurɓace kuma shi ke ƙona sifika. Ana iya saita shi da mita, misali wat 500 a om 2, ka ninka su ya ba ka 1000, tushensa, wato lambar da in ka ninka ta sau kanta za ta ba ka 1000, wajen 31.6 ne, to wannan bolt ɗin kake nema a bakin fitar sauti bayan ka cire sifikun. In kuma an tambaye ka abin da ba ka sani ba ka ce ban sani ba amma ga yadda zan bincika, babu maigidan da ke ƙin jin wannan.

Me ya sa ake yawan nanata maganar fiyus da kaurin waya?

Saboda a nan ne mota ke kamawa da wuta, kuma da mutane a ciki. Fiyus ɗin babbar waya aikinsa kare wayar ce kanta, shi ya sa ake sa shi dab da batir, kada ya wuce inci 18, wato wajen santimita 45. In ka kai shi but kusa da amfilifaya, duk tsawon wayar da ta ratsa ƙarƙashin kafet ba ta da kariya, ranar da ƙarfe ya yanke robarta ta taɓa bodi za ta yi ja kamar garwashi kafin direba ya samu wurin tsayawa. Girman fiyus kuma da kaurin wayar ake auna shi, ba a sa babba don ƙarami yana yawan ƙonewa, ƙonewar tana gaya maka wani abu ne.

Lambar waya a juye take tafiya, lamba 0 ta fi 4 kauri, 4 ta fi 8. Akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai ta alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe wadda za ka ga an rubuta CCA, ita ba ta ɗaukar wuta kamar ta zalla don haka sai an ƙara mata kauri. Wayar bodi ta zama kaurinta ɗaya da ta wuta, gajera, a kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure. Inda waya za ta ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin injin da cikin mota dole a sa wa ramin roba. Kuma kafin ka huda ƙasan but ka leƙa ƙarƙashi, tankin mai da bututun birki suna nan.

Wane irin hotuna zan nuna?

Kowa yana ɗaukar allon rediyo yana haske, wannan ba ya nuna komai. Ka ɗau bayan rediyon kafin ka tura ta ciki a ga yadda ka ɗaure wayoyin, ka ɗau fiyus a gefen batir, ka ɗau inda ka kankare ka ɗaura wayar bodi, ka ɗau dasbod kafin da bayan aiki. Ayyuka uku masu tsafta sun fi ashirin na gaggawa. Ka rufe lambar mota, kuma ka nemi izinin mai ita.

An ce motocin yanzu in ka yanke waya ɗaya komai ya rikice, gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki. Kwamfutocin mota suna magana da junansu ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. A motoci da yawa rediyo tana kan wannan layin, ba ta da jar waya ta makulli ma sam, saƙo ake turo mata ta tashi, kuma maɓallan sitiyari da ƙarar gargaɗi da saitin na'urar sanyi duk na iya bi ta cikinta. Wasu motocin Jamus kuma sautinsu ta wayar gilashi mai haske yake tafiya, ba abin da za ka jona da dalma. Maganin shi ne akwatin haɗi da soket da aka yi wa wannan motar musamman, ka cusa ba tare da yanka ba, don haka kafin a karɓi aiki ake duba sunan motar da shekararta a ga ko akwai kayan.

Abubuwa biyu kuma ka riƙe su da kyau. Soket ko naɗin waya mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera, cikin sitiyari ko ginshiƙin gilashi yawanci na eyabag ne, wato jakar iskar da ke buɗewa in an yi hatsari, kada testa mai ƙwan fitila ta kusance shi, kuma dabarar nan ta gwada sifika da ƙaramin batir na 1.5V kada ka yi ta a wayar da ba ka tabbatar ta sifika ba ce. In za ka bi da wayar kyamara ta ginshiƙin gilashi, ta bi bayan jakar, kada ta gitta gabanta. Na biyu, a motoci masu haɗa mai da lantarki da masu lantarki zalla, wayoyi masu kaurin nan ruwan lemo suna ɗauke da bolt ɗaruruwa, suna kisa, sai wanda aka horar a kansu yake taɓa su.

Yaya ake biya, kuma wa zai biya in na lalata wani abu?

Akwai masu albashi, akwai masu kamasho a kan kowane aiki, akwai masu haɗa biyun. Kamasho zalla yana da daɗi ga wanda hannunsa ya faɗa, amma ga sabo yana tura shi ga gaggawa, kuma gaggawa ita ke kawo aikin da ake dawowa da shi, wanda yawanci kyauta za ka sake. Ni dai ina ganin sabon shiga ya fi masa alheri ya karɓi ƙaramin abu tsayayye a shagon da ake koyarwa. Tun ranar farko ka tambaya da ladabi, in roba ta karye ko wani abu ya ƙone wa ke biya, shagon yana da inshora, aikin da aka dawo da shi yaya ake lissafa shi, kuma in da hali a rubuta. Sannan ka saba da zagaya mota tare da mai ita kafin a fara, a ga tabo, a ga fitilar da ke kunne a dasbod.

Mace za ta iya? Kuma jiki yana shan wahala?

Za ta iya sarai, aikin natsuwa da ido yake so fiye da ƙarfi. Wahalar kam akwai ta ga kowa, kwanciya rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ciwon baya da wuya, yankan ƙarfe a yatsu, ƙurar katako. Ka kula da kunnenka musamman, jin da ya tafi ba ya dawowa, kuma da shi kake cin abinci a sana'ar nan.

In kwastoma ya dage in yi abin da na san ba daidai ba ne fa?

Kamar ya ce a cire fiyus, ko a sa siririyar wayar da ya zo da ita a babbar amfilifaya, ko a sa tiraka a motar da ba tasa ba. Kada ka yi musu da shi, ka ce ranka ya daɗe bari in kira maigida, ka bar shi ya yi magana. In kuma maigidan ne da kansa yake sa ka irin wannan aiki kullum, fara neman wani shagon, don halin da ka koya a shekarar farko yana da wuyar bari.

Tunda motoci suna zuwa da allo da komai daga kamfani, sana'ar ba za ta mutu ba?

Canza rediyo kam yana raguwa a sababbin motoci, don allon ya zama wani ɓangare na motar, ba kamar da ba da ramin rediyo yake da awo ɗaya na milimita 180 a 50 ko ninkinsa a tsaye. Amma tsofaffin motoci suna nan da yawa a hanya, kuma a sababbin ma mutane suna son sauti mai kyau ba tare da an taɓa allon ba, wanda ke buƙatar na'urar tace sauti da ake saitawa da kwamfuta, a auna da makirfo a daidaita kowace sifika. Ga kyamarori, ga tiraka na kamfanoni masu motoci da yawa, ga jiragen ruwa na shaƙatawa da motocin da ake mayarwa ɗakin kwana masu batir na biyu da sola. In ka samu shagon da ke yin irin waɗannan, ka roƙi a bar ka ka tsaya kusa da mai riƙe da kwamfutar ranar da ake saiti, ka kuma fara koyon karanta zanen wayoyi tun yanzu.